Ranar da 'Yar Murdo Ta Tsaya

Tun ranar Litinin da Fergus Ogilvie ya bugo waya ya ce kada a ƙara ba fili ruwa, Murdo Kinnear ya san akwai wata a ƙasa. Shekara talatin da huɗu yana kula da filin kurket, wasan nan na sanda da ƙwallo, a garin Balcraig, shi ke yanke ciyawa, shi ke tura rola, shi ke korar karnukan mutane, kuma ba a taɓa samun wanda ya gaya masa yaushe zai buɗe famfo ba. Yau ga wani can daga birni, wai don an ba shi shugabancin kwamitin zaɓen 'yan wasan ƙasa, yana ba shi umarni ta waya. Murdo ya ce to, ya kife wayar, ya je ya naɗe tiyo ya rataye yana ta magana shi kaɗai.

Abin da ke ƙasan kuwa duk Balcraig mun san shi. Ranar Asabar za a yi wasan gwaji na ƙarshe a filinmu, daga nan kwamitin mutum uku ya fitar da mata goma sha biyar da za su wakilci ƙasa a gasar gajeren wasa, na zamanin nan da kowane ɓangare jifa ɗari da ashirin kawai yake samu a tashi. Sha huɗu an riga an san su. Gurbi ɗaya ya rage, mutum biyu ke nemansa. Ɗaya Rhona ce, 'yar Murdo, mai bugu, nas, shekararta talatin da ɗaya. Shekara tara tana ƙarar da hutunta a kan wasan nan, kuma kowa ya san in wannan ya wuce ta, shi ke nan. Ɗayar Morven Ogilvie, shekara ashirin, mai jifan murɗe, wadda ƙwallonta ke sauka nan ta ɓullo can. 'Yar ƙanin Fergus ce. Busasshen fili kuwa ba wanda yake yi wa rana sai mai murɗe.

Fergus dai ya ba da hujjarsa. Ya ce ƙasar da za a je gasar zafi gare ta, filayenta a bushe suke ƙayau, yana so kwamiti ya ga wadda za ta iya a irin wannan ƙasa. Murdo ya maimaita wa matarsa Elspeth wannan magana sau uku a kan karin kumallo, kowane karo da irin muryar da yake ba ta.

Murdo ya ce a duba gasa uku da suka wuce. Jifa ne ya kayar da mu? Ina! Masu bugun tsakiya ne ke zubewa da zarar biyun farko sun fita, a bar mu da maki casa'in muna kallon sama. Masu murɗe uku ne cikin sha huɗun nan, ta huɗu me za ta je yi, riƙon jakunkuna? Da mai bugu ɗaya mai hankali a lamba ta biyar, za mu iya fita daga rukuni, har mu tsorata wata babbar ƙasa. Da Morven kuwa, sai dai mu je mu sha rana mu dawo. Elspeth ta ce ikon Allah, ashe duk shekarun nan da shugaban kwamiti take kwana ba ta sani ba, ta ce ya ɗauke gwiwar hannunsa daga cikin man shanu.

Ba ta ɗauki abin da zafi ba, don ta san mijinta. Murdo mutum ne da in ya ga rana ta fito kwana biyu a jere sai ya tambayi wa ya shirya. Amma akwai abu ɗaya da ba mai yi masa dariya a kai, ko a bayan idonsa. A Balcraig, in ƙwallo ta shafi gefen sandarka mai tsaron baya ya cafe, ba ka jiran alƙali ya ɗaga yatsa ya ce ka fita. Ka sa sandarka a hammata ka kama hanya, ko da duk duniya ba wanda ya ji sai kai. Doka ba ta ce haka ba, wasu wuraren ma wauta suke kiransa, amma mu haka muka taso. Murdo ne mai riƙe da wannan al'ada. Yana saurayi ya taɓa fita da kansa a wasan ƙarshe na kofin gunduma yana da maki casa'in da tara, aka ci mu da maki huɗu, mahaifinsa ya yi sati bai yi masa magana ba, daga baya ya yi shekara ashirin yana ba da labarin. Tun da Murdo ya karɓi filin, duk wanda ya fita da kansa, namu ko baƙo, shi ke zuwa ya zare sakatar 'yar ƙofar shinge ya buɗe masa, ya taɓa hularsa. Wanda alƙali ya kora kuwa shi zai buɗe wa kansa.

Ranar Alhamis Rhona ta biyo daga wurin aiki ta kawo sandarta ya sake mata tef a gefe, kamar yadda ta saba tun tana 'yar shekara tara. Ta zauna a kan buhun taki a ɗakin kayan aiki tana cin biskit, idanunta duk gajiya. Shi kuma ya samu mai saurare.

Ya nuna mata filin ta taga, ya riga ya fara tsattsagewa. Ya gaya mata zancen waya. Ya gaya mata an ga Fergus da uban Morven suna cin abinci a otal ɗin bakin teku, kamar dai baƙon abu ne mutum ya ci abinci da ƙaninsa. Ya ce alƙalin da za a turo ma ba a faɗi sunansa ba har yanzu, me ake ɓoyewa? Rhona ta ce Baba, don Allah, ka bar ni in yi wasana.

“Wane wasa?” in ji shi, yana jan tef ɗin da ƙarfi. “An gama zaɓe tuni. An kira ki ne ki cika fili, a ce an gwada. Mutanen nan kowa kansa ya sani, mu kaɗai muka rage muna wasa da gaskiya, shi ya sa kullum mu ke komawa gida.”

Ta karɓi sandar ta shafa gefen da yatsa, ta ce ya yi kyau, ta sumbace shi a kunci ta tafi. Shi kuwa har ransa ya ji ya yi mata gata, ya buɗe mata ido.

Asabar ta zo da rana da iska mai ɗan sanyi daga teku. Tun kafin a fara Murdo ya tara shaidu. Alƙalin wasa a motar Fergus ya iso, wai jirgin ƙasansa ne aka soke. To. Sauran 'yan kwamiti biyu, wata doguwar mata da wani mai sanƙo, suka zauna a benci da littattafansu, shi kuwa Fergus ya koma can gefe kusa da tukunyar shayi, hannu a aljihu, ko biro bai fitar ba. Murdo ya je ya raɗa wa Elspeth, tana tsakiyar yanka burodi mai ƙwai, ya ce ta duba, me zai rubuta tunda ya gama rubutunsa a gida? Ta ce in ba zai taya ta jera kofuna ba ya fita mata daga kicin.

Ya tafi inda ya saba tsayawa, gindin farin allon da ake kafawa don mai bugu ya ga ƙwallo, daidai bayan mai tsaron baya, taku kaɗan daga 'yar ƙofar. An raba 'yan wasan gida biyu, aka sa Rhona a ɓangare ɗaya, Morven a ɗayan. Wannan ma bai yi masa ba.

Ɓangaren su Rhona ne suka fara bugu, kuma abin da Murdo ya faɗa a kan man shanu shi ya faru. Kafin a yi jifa arba'in mutum uku sun fita, biyu daga ciki Morven ce ta cinye su. Gaskiya yarinyar ta iya, ko Murdo bai musa ba, sai dai ya ce a filin da aka hana ruwa ko Elspeth ta yi jifa sai ta murɗe. Rhona ta shigo tana gyara safar hannu. Ta yi a hankali, ɗaya nan, biyu can, har ta kai maki bakwai.

Sai Morven ta sako wata a hankali, ta sauka ta juya waje. Rhona ta kai mata sanda. Iska tana busowa ne daga can zuwa inda Murdo yake, kuma kunnen da ya yi shekara hamsin yana sauraron katako da fata ba ya ɓata. Ya ji ɗan ƙas, siriri, kamar an karya tsinken ashana. Ƙwallo ta faɗa hannun mai tsaron baya, ita da Morven suka yi tsalle suna kiran alƙali.

Murdo bai ma tsaya kallon alƙalin ba. Shekara tara sun tafi a kan maki bakwai, amma ƙafafunsa sun riga sun kai shi ƙofa. Ya zare sakata, ya kai ɗaya hannun ga hularsa, sannan ya ɗago.

Alƙali yana girgiza kai. Rhona kuwa tana nan inda take, kanta a sunkuye, tana kankare ƙasa da takalmi. Ba ta dubi ƙofa ba.

Ya daɗe riƙe da sakatar kafin ya mayar da ita a hankali, yana waige ko wani ya gan shi. Ya gaya wa kansa ƙila sandar ce ta bugi kariyar ƙwaurinta. Ƙila ƙasa ta taɓa, ai filin ya bushe, komai ƙara yake. Ƙila ma kunnensa ne ya fara tsufa. Ya yi ta jera wa kansa ƙila, shi da bai taɓa yi wa kowa uzuri ba.

Abin da ya biyo baya sai wanda ya gani. Rhona ta buɗe wuta kamar wadda aka ɓata wa rai. Sau uku tana ɗaga ƙwallon Morven ta tsallake shinge, ɗaya har cikin lambun limamin coci. Ta tashi da maki sittin da takwas, ba wanda ya iya fitar da ita. Morven ta gama rabonta na jifa kanta a ƙasa, duk kyawun farkon ya goge. Mutanen Balcraig suka yi ta tafi, ana dukan kafaɗar Murdo, ana ce masa yau sai ya yi murmushi ko da na aro ne. A wurin shayi ya ɗauki kek ɗin Elspeth ya ajiye bai ci ba. Zargin da ya yi sati yana raba wa mutane ya dawo ya tsaya a kan mutum ɗaya, kuma ita ce wadda bai taɓa zarga ba tun da aka haife ta.

Rhona ta bar jakarta a ɗakin kayan aiki, don a gidansu ta kwana. Washegari da aka taso daga coci Murdo ya ce zai je ya duba fili. Ya rufe ƙofa, ya zaro sandar, ya sa tabarau, ya kai ta bakin taga yana juya gefen a cikin haske. Da wasan dā ne na jar ƙwallo, da ta bar masa jan tabo a kan sabon tef ɗin, ya gani ya huta. Amma gajeren wasa da farar ƙwallo ake yi, ba ta barin komai. Ya shafa da babban yatsa, ya kai hanci ya shinshina, kai, har kunya ta kama shi. Bai ji buɗe ƙofa ba.

“Ba sai ka wahalar da idonka ba, Baba,” in ji Rhona. “Na taɓa ta.”

Ya ajiye sandar a kan benci. Ta shigo ta zauna a kan buhun takin nan, da kayan cocinta. Ta ce ƙafarta har ta fara juyawa, jikinta ya saba. Sai ta ji muryarsa a kunnenta, an gama zaɓe, an kira ki ki cika fili, mu kaɗai ke komawa gida. Ta ce a ranta in dai cuta ake yi, yau ba da ita za a ci bulus ba. Ta ce doka ba ta ce ta fita ba, aikin alƙali ne, kuma cikin sha huɗun da aka riga aka zaɓa ba ko ɗaya da ke fita da kanta, har dariya suke yi mata a kan haka. Duk gaskiya ne, Murdo ya sani. Ta ce ta hango shi a bakin ƙofa, shi ya sa ta kasa ɗagowa.

“Za ka faɗa wa 'yan kwamiti?” in ji ta.

Ya so ya ce ba haka ya koya mata ba, sai ya tuna ranar Alhamis, ya ga ai ya koya mata. Ya ce uwarta na jira, abinci zai huce. Suka taka zuwa gida tare.

Ranar Litinin da hantsi ya sami izinin kansa ya buɗe famfo. Yana tsaye da tiyo, ƙasa na shan ruwa tana ƙara, sai ga motar Fergus. Murdo ya ce a ransa ga shi nan, ya zo ya yi mini daɗin baki kafin a sanar da 'yar ƙaninsa. Wani ɓangare na zuciyarsa ma fatan haka yake, don da an ɗauki Morven da komai ya koma daidai, ya ci gaba da zaginsu da zuciya ɗaya.

Fergus ya tako a kan ciyawa da takalmin birni, ya ce tsohon banza, har yanzu ba ka iya gaisuwa ba? Murdo ya ce bai saba gaida masu hana fili ruwa ba. Fergus ya yi dariya, ya ce da yamma za a sanar, amma ya ga bai dace Murdo ya ji a rediyo ba. An ɗauki Rhona.

Sannan ya ba shi labarin yadda aka yi. Tun da sunan Morven ya shigo cikin masu neman gurbin ya cire kansa daga ƙuri'a, shi ya sa ya koma gefen shayi ranar Asabar, ba ya so a ce ko tari ya yi. Ƙaninsa ma ya kira shi otal ya yi masa faɗa a kan haka. Sauran biyun suka rabu. Doguwar tana son Rhona, ta ce bugu ne ciwon ƙungiyar nan. Mai sanƙo ya ce mai tsaron baya ta rantse masa ta ji ƙara a maki bakwai, in kuwa haka ne, sittin da ɗayan da suka biyo baya kyauta ce, kuma Morven ta fitar da mutum uku ke nan a filin da ya yi kama da inda za a je. Aka yi ta ja har aka rasa mafita, suka kira Fergus, ba don ƙuri'a ba, don ya san mutanen.

“Na ce musu ni ne mai tsaron baya ranar kofin gunduma,” in ji Fergus. “Ni na cafe ƙwallonka kana da casa'in da tara, ban ma kira alƙali ba don ban ji komai ba, sai ganinka na yi kana tafiya. Na ce musu wannan 'yar Murdo Kinnear ce. In ta tsaya, ba ta taɓa ba.”

Ya ce nan take mai sanƙo ya ajiye biro. Ya ce daren jiya shi da kansa ya je ya gaya wa Morven, ta yi kuka, ta ce ita fa ta ji, ya ce mata kunne yana ƙarya amma gidan Kinnear ba sa yi. Yarinya ce, tana da lokaci, ko da yake uban ya ce kada ya ƙara taka masa gida.

Ruwa ya taru a gindin takalmin Murdo bai lura ba. Mutumin da ya yi sati yana kira ɓarawo a gaban duk mai saurare yana tsaye gabansa, ya ba da 'yar ƙaninsa da zumuncinsa a kan sunan Murdo. Kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa. Kalma uku kawai ake buƙata, ta taɓa ta, kuma har yanzu ba a sanar ba. Ya ga Rhona a kan buhun taki da kayan coci, ya ga shekara tara.

Fergus ya juya zai tafi, sai ya tsaya, kamar abin ya faɗo masa ne kawai.

“Kai ma ai kana gindin allo, iska na zuwa wajenka. Ka ji wani abu?”

Murdo ya dubi bakin tiyo.

“Ban ji komai ba,” ya ce.

Fergus ya ce ai ya sani, ya miƙo hannu. Murdo ya goge nasa a wando ya ba shi. Ya tsaya yana kallon motar har ta sha kwana, sannan ya je ya rufe famfo.

Da yamma gidan ya cika da mutane, Elspeth ta fito da kofunan da ba a taɓawa sai Kirsimeti. Rhona ta dube shi ta saman kawunan mutane sau ɗaya, ya gyaɗa mata kai, ta gane bai faɗa ba, ta kau da ido. Ba wanda ya yi murna a cikin su biyun, kuma ba wanda ya lura.

Asabar ta gaba akwai wasan ƙungiyarmu da mutanen ƙauyen gaba. Da sassafe, kafin kowa ya zo, Murdo ya ɗauko bulo ɗaya daga bayan ɗakin kayan aiki, ya buɗe 'yar ƙofar shinge ya tokare ta. Elspeth ta tambaye shi dalili, ya ce sakatar ce ta fara tsatsa. Ya koma can ɗaya ƙarshen filin ya tsaya kusa da rola, inda iska ba ta kawo komai. Har yau ƙofar a buɗe take.